Daga Bodin Katako Zuwa Homa

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Faskari kafin a yanke Jihar Katsina daga tsohuwar Kaduna a 1987, akwai wata mota da ke zaune a ransa. Ba tasa ba ce, ba ta ubansa ba ce, galibi ma bai taɓa zama a gidan gabanta ba. Amma ambaci sunanta a majalisar dattawa bayan la'asar, a Tafoki ko Sheme ko 'Yankara, ka ga yadda hira za ta sauya. Wannan ya kwaikwayi kukan injinta in ta tunkari hawa, wancan ya rantse ya fi kowa sanin direbanta, na uku ya ƙaryata su duka. Kwanakin nan sha'awar ta tsallaka ta shiga hannun yaran da ba su taɓa ganin motocin a hanya ba. Suna tono tsofaffin hotuna suna yaɗawa a Facebook, suna tambayar sunaye, wasu har gardama suke kan wacce ce Bedford wacce ce Austin. Abin yana yi mini daɗi. Sai dai yawancin abin da ake cewa game da hotunan bai wuce "Allah sarki jiya" ba, alhali motocin nan sun cancanci duban da ya fi haka.

Mu fara tuna abin da ya kawo mota wannan yanki. Don auduga ta zo. A ƙarshen shekarun 1920 Turawa suka ja layin dogo daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Kamfanin BCGA ya kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, aka kuma buɗe gonar iri a Daudawa, nan cikin ƙasarmu ta Faskari. To, jirgi ba ya barin dogonsa ya bi manomi ƙauye. Tsakanin fulotin da ake awon auduga da bakin tashar jirgi, jakuna da raƙuma da takarkarai ne suka fara ɗaukar nauyin, daga baya lori ta karɓe su. Saboda haka motar da kakanninmu suka fara hawa zuwa Funtuwa ko Zariya motar kaya ce, mutum kuma ɗan rakiyar buhunsa ne. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin kusan kowace ƙusa da aka buga a jikinta.

Abin da ke fitowa daga kamfani ba cikakkiyar mota ba ce. Inji ne da ƙarfen gindi da tayoyi da hanci da sitiyari. Bedford, wadda asalinta daga Ingila take kuma aka riƙa harhaɗa ta a Apapa tun wajen lokacin samun mulkin kai, haka ake sayenta tsirara. Sauran aikin na kafintocin bodi ne a manyan garuruwa irin su Kano da Zariya. Su za su zauna da mai mota su ji wace hanya za ta bi, me za ta fi ɗauka, sannan su ɗauki awo. Kuma in ka duba abin da suka ƙera da idon basira, za ka ga mutane ne da suka san mu ciki da waje.

Bencinan ba a kafe suke ba. Falankai ne da ake zurawa daga bango zuwa bango. Ranar kasuwa a jera su, mutane su zauna sahu-sahu, gwiwar na baya tana dukan bayan na gaba, ƙwarya da kaji da ƙullin kaya a ƙarƙashin ƙafa. In kaka ta yi a zare falankan a ɗaure su a sama, cikin motar ya koma wurin zuba auduga da gyaɗa da dawa. Bangon ma ba a liƙe yake ba, an bar tsaga tsakanin katako da katako, domin albasa da goro da akuya da ɗan'adam duk suna son iska. Tamfol yana nannaɗe a gefe, da hadari ya taso yaron mota zai bi ya sassake shi. Akwai ƙofar baya da ake saukewa a hau da buhu, da ɗan tsani na hawa sama. A bayan direba kuma wasu motocin suna da ɗan ɗaki mai benci ɗaya ko biyu, kuɗinsa ya ɗara na baya, nan ake sa amare da matan kulle da tsofaffin da ba su iya jure wa jijjiga. Gidan gaba na alhaji ne, ko malamin makaranta, ko wakilin hakimi. Ba wanda ya rubuta wannan doka, kafinta ne ya buga ta da guduma. Sa'an nan in katako ya karye a Sabuwa, a Sabuwa za a gyara shi kafin a gama sallar azahar, ba a jiran wani abu daga Ikko.

Bayan kafinta sai fenta, shi kuma a nan ne mai mota yake faɗin abin da ke cikinsa. A goshin motar a rubuta sunan Allah ko salatin Annabi, a gefe a ja layukan ja da kore da ruwan ɗorawa, a ƙofar baya a zana zaki, ko gaggafa ta kama maciji, ko masallaci da itacen dabino, ko jirgin sama. Da aka fara kallon finafinan Indiya da na kaboyi a silima, su ma suka hau bayan mota. Sai rubutu: "Haƙuri maganin zaman duniya", "Nasara daga Allah", "Hassada ga mai rabo taki". Wanda ya san gari ya san wa ake yi wa habaici da wannan na ƙarshen, domin ba a rasa wani mai motar da suke takun saƙa a tasha. Mafi yawan fasinjojin ba su karanta boko, amma ba sa ɓata. Tsohuwa za ta ce mai zakin nan take jira, ba za ta hau mai jirgi ba, direbanta ganganci gare shi. Zanen shi ne lambar mota, shi ne kuma shaidar halin direba.

Ba a maganar motocin nan a bar yaron mota, wanda ake kira karen mota, sunan da shi kansa ba ya so. Ɗanmaraya Jos ya yi masa waƙa sukutum, kuma tana cikin waƙoƙin da suka fito da shi duniya ta san shi. Na sha tsayawa ina kallon aikinsa a gindin hawa. Mota ta sha lodi, ta taso da gudu daga gangare, direba ya sauke giya, ya sake saukewa, inji na kuka hayaƙi na tashi, can tsakiyar tudu sai ka ji ƙarfinta ya fara ƙarewa. Kafin nan yaron ya riga ya diro, yana bin tayar baya a guje rungume da waigi, wani guntun katako mai kusurwa uku da aka yi wa mariƙi, ya yi baƙi ya yi santsi don shan hannu da baƙin mai. Direba ya leƙo ya daka tsawa: "Waigi!" Yaron ya cusa shi ƙarƙashin taya, ya amsa: "An sa, maigida!" Mata na salati, maza na dirowa su rage nauyi. Mota ta numfasa, ta sake yunƙurawa, ya fizge waigin ya bi ta, ya sake sawa, haka har a kai bisa tudu. Ran mutum hamsin ko fiye yana rataye a kan saurin hannun yaron da ba shi da ko takalmin kirki. Shi ne mai ɗebo ruwan lagireto a rafi, shi ne mai murza hannun tayar da inji da asuba in batir ya ƙi, shi ne mai kwana ƙarƙashin mota yana gadin kaya. Sai ya yi shekaru a haka kafin maigida ya yarda ya ba shi sitiyari ya gyara fakin a tasha. Amma ranar da ya karɓi lasin, ya san motar tun daga hanci har wutsiya, kuma da kunne kawai yake gane ciwonta.

Shi ya sa direba yake da daraja a lokacin. Shi ne ya ga Ikko, ya ga Fatakwal, ya kwana a Jebba yana jiran a buɗe gada. Shi ake ba wasiƙa da saƙon kuɗi, shi ake damƙa wa yaro a ce a sauke shi a makaranta a Zariya, kuma ya kai. Mamman Shata, wanda ya daɗe zaune a Funtuwa, ya san wannan sarai, direbobi da masu motoci suna cikin mutanen da ya fi yi wa waƙa, su kuma suna cikin waɗanda suka fi yi masa kyauta.

Shekarun 1970 ne suka birkita komai. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar hannun hagu ta koma tuƙi a hannun dama. Tsofaffin motocin Ingila masu sitiyari a dama ba su ɓace nan take ba, sun ci gaba da aiki, sai dai direba ya koma gefen daji ba ya hango abin da ke tahowa in zai wuce wata mota, dole wanda ke zaune a gefensa ya zama idonsa. Wannan ya ƙara buɗe wa motocin Jamus da Faransa ƙofa. Marsandi 911, wadda muke kira roka, ta mamaye hanya: gajeren hanci mai kumburi, injin gas mai silinda shida wanda ba ya laulayi, ga ta da jure wa gargada. Ita ma kafintocinmu ne suka yi mata bodi, a Ikko kuma maƙera suka yi mata na ƙarfe ta zama moluwe. Har yau in ka je kasuwar hatsi ta Ɗandume ba ka rasa ganin wata tsohuwar roka tana shan lodin masara, ta girmi direbanta nesa ba kusa ba.

A 1975 abubuwa biyu suka haɗu a kanmu. Aka buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna, aka kuma fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a ƙasar nan tare da na Gusau da Gombe. Shirin ya shafi Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, ya kawo taki, ya kuma fasa hanyoyin burji zuwa ƙauyukan da a da sai jaki. Waɗannan hanyoyi su suka yi wa Fijo 404 a-kori-kura shimfiɗa. Ita ce ta shiga lungun da roka ba ta shiga, an yi mata rumfar ƙarfe da tamfol da benci biyu masu fuskantar juna. A kan kwalta kuma 504 doguwa ta zama sarauniya, sai ƙananan bas-bas da ake ce wa kiya-kiya, sai Hayis ta Japan. Tafiyar da ake yi wa guzuri a yi sallama da dangi ta koma ta je-ka-dawo. A wannan zamanin ne kuma aka kakkafa masana'antun motoci: Volkswagen a Ikko, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Inugu. Yaron da ya ga sabuwar Fijo da ledar kujerunta a tashar Funtuwa ya san a Kaduna aka haɗa ta, wataƙila ma yayansa yana aiki a can.

Bas na gaske, doguwa mai ɗaukar dogon zango, wadda muke kira lagzuriyas, daga Kudu ta zo mana. 'Yan kasuwar Ibo ne suka fi ƙarfi a harkar, kamfanoni irin su Ekene Dili Chukwu da The Young Shall Grow, kuma babbar matattararsu a Arewa ita ce Sabon Garin Kano. Gwamnatoci ma sun shiga: Kano Line, da hukumar sufuri ta Jihar Kaduna, daga baya KTSTA ta Katsina, musamman bayan gwamnatin Babangida ta fito da shirin sufurin jama'a a 1988. Da yawa daga cikin manyan bas-bas ɗin gindinsu na Marsandi ne, jikinsu kuma na kamfanin Marcopolo na Birazil. Tsarinta ya saɓa wa duk abin da muka saba. Inji ya koma baya, fasinja ya hau sama, kaya suka shiga ciki a ƙarƙashin ƙafarsa, kujera ta zama ta mutum ɗaya da lambarta, ga tikiti a hannu. A karo na farko aka raba bafatake da kayansa. Mutanenmu ba su yarda da wannan da sauƙi ba. Duk inda aka tsaya za ka ga ɗan kasuwa ya sauko ya tsaya a bakin ƙofar ma'ajin yana ƙirga ƙunshinsa da ido, kwandasta na ba shi baki: "Baba, koma ka zauna, ba abin da zai taɓa su." Ba ya komawa sai an rufe.

Ba a daɗe ba kuwa muka lanƙwasa bas ɗin ta dawo hanyarmu. Aka jera 'yan kujerun katako a tsakiyar hanyar wucewa ana sayar da su da rahusa, aka cika kujerun baya da buhuna har rufi. Injiniyan Birazil ya zana motar matafiya, mu kuma muka mayar da ita lori mai gilashi, domin har lokacin mutuminmu bai daina zama ɗan rakiyar buhunsa ba.

A nan ya kamata masu begen jiya su yi adalci. Motocin bodin katako sun ci mutane. In birki ya tsinke a gangare, ko mota ta kife, katakon nan mai kyan zane shi ke tsagewa ya soki na ciki, buhunan da ke sama su danne saura. Babu bel, babu ƙofar tsira, babu motar asibiti, hukumar kiyaye haɗurra ma sai 1988 aka kafa ta. Ƙauye da yawa mota ɗaya ke shigarsa, ita ma ranar kasuwa. Mace mai doguwar naƙuda sai a ɗauko ta a amalanke ko a makara zuwa bakin titi, a zauna jiran abin da Allah zai kawo. Da damina a kwana uku a bakin rafi ana jiran ruwa ya janye. Da rani a sauka an yi buɗu-buɗu da jar ƙasa, sai ido da haƙori. Uwar da ta rasa ɗa a irin wannan jira ba ta begen mai zaki. Duk wanda ya ce komai na da ya fi na yanzu, ko dai yaro ne a lokacin, ko kuwa a gidan gaba yake zama.

Abin da na yarda an yi hasararsa daban ne. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai haya. Masana'antun motocin nan suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, muka koma kan 'yan Kwatano, ragowar abin da Turai ta gama ci. J5 da aka ƙera don kai burodi da kayan shago a Faransa ta zama motar tumatir da fasinja. Golf da aka yi wa ƙaramin iyali a Jamus ta koma ɗaukar mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, wasu a but an ɗaga murfi, ƙafafu na reto. Sharon mai kujera bakwai ta ɗauki goma. Homa, wato sabuwar Hayis mai faɗin goshi, ita ce ta ɗan zo da mutunci, ita ma an ƙara mata layi. Basirar ba ta mutu ba, je ka garejin Funtuwa ka ga yadda mai walda ke ƙara wa mota sifirin, ya ƙera benci, ya ɗaga gindinta don ta jure wa ramuka. Sai dai aikinsa ya sauya. Kafintan jiya yana auna mutum da kayansa ya ƙera musu mazauni. Mai waldan yau yana auna mazaunin da wani ya ƙera wa wasu, ya lissafa mutum nawa za a iya cusawa. Motocin kuma duk sun zama iri ɗaya, farare ko masu launin ƙungiya, ba zaki ba gaggafa, sai 'yar sitika a gilashin baya. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, cusawar ta ƙaru, domin direba ba ya fita in bai yi haka ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo, wanda duk ɗan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ya sani ba sai an gaya masa ba. Tsohuwar lori tafiyar hawainiya take yi, kuma ba wanda ya damu. In dare ya yi mata a daji, ko ta lalace tsakanin Sheme da Ƙanƙara, sai a sauka a shimfiɗa tabarma a gefen hanya, a hura wuta, mutanen rugar da ke kusa su kawo nono da safe. 'Yan fashi akwai su, ba a ce babu ba, amma labarinsu ake ji jefi-jefi. Yau hanyoyin nan su ne ake ambata a labaran rediyo. A watan Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta ce su zagaya ta Funtuwa, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, daga baya aka katse layukan waya. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wadda manyan motocin Sakkwato ke bi dare da rana, ta zama wadda ake duban agogo kafin a hau, ana tambayar na gaba ko hanya ta yi kyau.

Wannan ya sauya har irin motar da ake so. Tambayi direban da ke bin 'Yankara zuwa Tsafe abin da yake nema a mota, ba zai fara da ƙarko ko yawan lodi ba. Zai ce mai tashi da wuri, mai saurin juyawa in an hango an tare hanya. Doguwar bas mai mutum hamsin ba ta iya juyawa a kan siririyar kwalta, roka mai lodi ba ta iya gudu. Ƙauyukan da ke cikin daji kuwa sun koma kan babur, abin hawan da shi ne kuma na masu tare hanyar. Don haka in na ji dattijo yana yabon Bedford, nakan fahimci rabin yabon na motar ne, rabin kuwa na daren da ake iya kwana a gefen titi ne. Matasan da ke yaɗa hotuna su lura da wannan: a hoton, dubi mutanen da ke zaune a ƙasa kusa da motar da ta lalace a tsakiyar daji, ba wanda ke waige-waige.

Sauran duniya ba ta bar irin waɗannan motoci sun salwanta ba. A Landan akwai gidan tarihin sufuri a Covent Garden, kuma jar bas ɗin nan mai bene, Routemaster, wadda ta fara aiki a 1956 aka janye ta daga aikin yau da kullum a 2005, har yanzu masu sha'awa suna riƙe da ita suna fitowa da ita ranar biki. A Amurka, garin Hibbing na Jihar Minnesota, inda kamfanin Greyhound ya samo asali a 1914, yana da gidan tarihi na bas zalla. Kada a ce wannan sha'anin masu ƙoshi ne. Ƙaramar bas ɗin Dakar mai zane-zane, wadda 'yan Senegal ke hawa kullum, an ɗauki guda an kai ta wani gidan tarihi a birnin Paris, mutane na biyan kuɗi su kalli aikin fentocin Afirka. Mu kuwa namu suna bayan gareji, kaji na ƙwai a gidan gaba, har ranar da 'yan gwangwan za su zo da abin yanka su auna su a sikeli. Katakon a yi girki da shi. Ƙofar baya mai zaki, wadda wani fenta ya yi kwanaki yana zanawa, ta zama ƙyauren garken awaki.

Ba wani abu mai tsada nake nema ba. A Katsina akwai gidan tarihi na ƙasa a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, akwai kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha. Kuɗin da za a sayi tsohuwar Bedford ɗaya, roka ɗaya, a-kori-kura ɗaya da 504 ɗaya bai kai na sabuwar motar babban jami'i guda ba. A nemo tsofaffin kafintocin bodi da fentoci, tun da sauransu, su gyara su da hannunsu yadda suke a da, da falankai da tamfol da waigi a rataye. KTSTA ta ware ɗaya daga cikin tsofaffin bas ɗinta kafin a yi gwanjonsu. Ƙungiyar direbobi ta NURTW reshen Funtuwa ta fi kowa sanin inda tsofaffin direbobi suke zaune, wasu sun makance, wasu suna kwance. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsinma, masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, su ɗauki waya su je su naɗi muryoyinsu: wace hanya, wane kaya, nawa ne kuɗin mota daga Faskari zuwa Funtuwa kafin a canza fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973.

Kai kuma mai karatu, in akwai tsohon hoton mota a akwatin mahaifinka, ko akwai tsohon direba a unguwarku, kada ka tsaya jiran gwamnati. Je ka gaishe shi wannan makon, ka tambaye shi sunan motarsa ta farko da wanda ya yi mata bodi, ka rubuta a bayan hoton.